Kada Zargi Ya Zama Hukunci: Gargaɗi ga Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

Jama'ar Maraɗi, a saurara. Mutanen Tibiri da Jiratawa, har da ku ake. Akwai maganar da ke ƙara zafi a bakin mutane, kuma ta doshi inda ba a so. Maganar 'yan daudu ce, da masu sauya jinsi, da duk namijin da aka ga tafiyarsa ko muryarsa ta saɓa wa ta sauran maza. Da can dariya ake yi, ko a yi tsaki, kowa ya kama gabansa. Yanzu harshe ya sauya. A fadar samari ana cewa a kama su. A waya ana cewa a koya musu hankali. Ba a ce kowa ya firgita ba. Amma a tsaya a yi tunani, tun ba a kai ga gawa ba.

Wannan rubutu bai zo don ya sauya wa kowa aƙida ba. Yawancinmu Musulmi ne. Mun san abin da malamai suka karantar game da namiji ya kwaikwayi mace da gangan. Kiristocin garin ma suna da nasu karatun. Kowa ya riƙe imaninsa. Tambayar guda ce. Wa ya ba ka izinin dukan ɗan Adam? Wa ya naɗa taron yuyuyu alƙali a bakin titi?

Garin nan ya taɓa ganin irin wannan rana. A watan Nuwamba na 2000 aka shirya bikin nunin tufafi na FIMA kusa da Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan. Aka ce bikin tsiraici ne. Fushi ya tashi. Masu shirya bikin ba su ga ko tsakuwa ɗaya daga Maraɗi ba. Waɗanda ke kusa ne suka sha. An auka wa gidajen mata masu zaman kansu. An fasa mashaya da rumfunan caca. An kai hari kan majami'a da gidan mishan na SIM. Matan da ba su san ma me ake kira FIMA ba suka rasa ɗaki da kaya. Wanda ya fi kowa rauni, shi ya biya bashin fushin. Haka abin yake tafiya kullum.

Kafin a ci gaba, a san su wa ake magana a kansu, don mutane iri-iri ake tarawa a guri guda. Akwai ɗan daudu, wanda ƙasar Hausa ta sani tun kaka da kakanni. Shi ne mai tuwo a tasha, mai soya kaji, mai kama girkin biki. Masu nazarin al'ada sun daɗe suna danganta shi da bori, wanda a Maraɗi Iya ke shugabanta, a Tibiri kuma Inna. Rudolf Gaudio, manazarci daga Amurka da ya zauna da 'yan daudun Kano, ya nuna a littafinsa na 2009 cewa da yawansu suna salla, suna aure, suna haihuwa, wasu har sun sauke farali. Akwai mata-maza, wanda da halittarsa aka haife shi. Akwai wanda tun yana ƙarami yake jin ransa bai zauna da jinsin da aka haife shi da shi ba. Akwai kuma yaron da kawai Allah ya yi shi mai sanyin hali, ya tashi cikin yayye mata. Taro ba ya tantance waɗannan. Taro suna ɗaya yake kira, sai ya ɗauki dutse.

Haɗari na farko shi ne wannan zargi ba ya buƙatar hujja. Ɓarawo ana neman kayan sata a hannunsa. Wannan kuwa kallo kawai ake yi. An ga yana lanƙwasa hannu. An ji muryarsa siririya. Ba ya buga ƙwallo. Ya kai talatin bai yi aure ba. Shi ke nan, an gama shari'a. Yaya zai wanke kansa? Wane shaida zai kawo? Duk gidan da ke da ɗa namiji yana cikin wannan haɗari. Ɗan malam yana ciki. Ɗan alhaji yana ciki. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya zo daga ƙauye, ba shi da kowa a gari, ya fi kowa shiga.

Sai waya. Da can tsegumi a unguwa yake tsayawa. Yanzu kafin a idar da sallar la'asar ya zagaya jiha. Wani ya ɗauki hoton saurayi a kasuwa. Wani ya rubuta magana a ƙasa. Wani ya tura a WhatsApp, wani ya ɗora a Facebook ko TikTok. Bidiyon da aka ɗauka a Kano ko Legas shekarun baya, sai a ce jiya ne a Mokoyo. Babu mai tambayar asalinsa. Abin da ya shiga waya kuwa ba ya fita. Ko an gano ƙarya ce, hoton yana nan. Zai jira yaron ranar neman aure. Zai jira ƙannensa mata. Zai jira 'ya'yansa. Mai turawa yana ganin bai yi komai ba, yatsa kawai ya taɓa. To ya sani, dokar 2019 kan laifukan intanet, wadda aka ƙara tsanantawa a Yunin 2024, tana hukunta ɓata suna ta waya har da ɗauri.

Bayan waya sai taro. Taro ba shi da kai, ba shi da kunne. Wanda ya fara ihu ba shi ke jefa dutsen ƙarshe ba. A watan Mayu na 2022, a Sakkwato, gungun ɗalibai suka kashe Deborah Samuel, suka ƙona gawarta, ba tare da wani alƙali ya saurari kowa ba. Wanda yake ganin abin ba zai taɓa zuwa kansa ba, ya tuna Uromi. A watan Maris na 2025, mafarauta Hausawa 16 suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don bikin Salla. Aka tare motarsu a Uromi, jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta. Wani ya ce masu garkuwa da mutane ne. Aka kashe su, aka cinna musu wuta. Duk ƙasar Hausa ta yi kuka, ta ce ina bincike, ina shari'a? Tambayar daidai ce. Sai dai wanda ya yi ta a kan Uromi ba shi da bakin halatta irin wannan a Bagalam ko Sabon Gari.

Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a kan wanda aka nufa. Gobarar hunturu ce, ba ta tambayar rumbun wa ta kama. A Janairun 2015, zanga-zanga kan zanen wata jaridar Faransa ta ci rayuka 10 a Damagaram da Yamai, aka ƙona majami'u da dama, da shaguna da mashaya. A Yunin 2019, a nan Maraɗi, bayan kama wani limami, aka ƙona majami'a a unguwar Zariya. Kowane karo da dalili guda ake fitowa. Kafin dare ɓarayi sun shigo ciki. Mai shagon da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ke kwasar toka. Maraɗi garin kasuwa ne. Arzikinta yana kan motocin da ke bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Manomin Jiratawa da ya yanko zogale da asuba, kasuwa a buɗe yake buƙata. Yini ɗaya na tarzoma ya isa ya ruɓar da kayan gwari, ya kori baƙo, ya sa a kafa dokar hana fita.

Akwai haɗarin da ba ya ihu. Idan kalma guda za ta iya halaka mutum, to ta zama makami, kuma maƙiyi ne zai fara ɗauka. Mai bashi zai yi wa mai binsa barazana da ita. Abokin gaba a kasuwa zai jefa ta don ya kwashe masu ciniki. Za ta shiga rikicin gado. Za ta shiga tsakanin 'yan uba. Za ta shiga neman sarauta da neman aure. Ɓata-gari za su yaudari saurayi ta waya, su ɗauke shi hoto, su ce ko ka kawo jikka hamsin ko mu watsa. Zai sayar da babur ɗinsa ya biya. Za su dawo. Ba zai je komisariya ba, don yana tsoron a juya maganar a kansa. Al'ummar da ta bar wannan ƙofa a buɗe ta ba mugaye sana'a.

Sai abin da ke faruwa a cikin gida. Uba ya ji magana a masallaci ko a majalisa. Kunya ta rufe shi. Ya dawo ya yi duka. Ya ce fita, ba ni ba kai. Uwa tana kuka a ɗaki, ba ta da ta cewa. To ina yaron zai nufa? Tasha zai kwana. Wanda zai ba shi abinci zai nemi wani abu a madadi. Tramol yana jiransa. Hanyar Agadas tana jiransa. 'Yan bindigar da suka addabi yankunan Madarunfa da Gidan Runji ba sa ƙin yaron da ba shi da mai nemansa. Wani kuma ba ya zuwa ko'ina. Baƙin ciki ke cinye shi, har ya kai ga halaka kansa. Korar ba ta gyara kowa ba. Abin da uban yake gudu, can waje ya fi yawa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A tuna da jariran da ake haifa mata-maza. Ana haihuwarsu a kowace ƙasa, har da tamu. Ba su zaɓa ba. Iyayensu ba su yi wani laifi ba. Malaman fiƙihu ba su ɓoye kai daga batun ba. Sun yi bayanin gadonsu da sallarsu da aurensu, har Muhtasar na Shehu Halil, da ake karantawa a zaurukanmu, da mas'alarsu ya rufe. Wasu daga cikin waɗannan jarirai suna da matsalar da ke buƙatar likita tun kwanakin farko, in aka yi jinkiri tana iya kisa. Idan gari ya cika da ƙyama, uwa za ta ɓoye jaririnta. Ba za ta kai shi asibiti ba. Ba za ta sa shi makaranta ba. Zai girma a bayan ƙyaure, yana jin ana zagin irinsa a rediyo. Wannan zalunci ne a kan wanda ko magana bai iya ba.

Lafiyar gari ma tana cikin lissafi. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka masu ƙarancin cutar sida, ƙasa da mutum 1 cikin 100 na manya. Ba a banza aka samu haka ba. Gwaji ne da magani, da ma'aikatan lafiya masu riƙe sirri. Wanda ke shan maganinsa kullum, ƙwayar cutar tana raguwa a jininsa har ya daina yaɗa ta ta hanyar jima'i. Wanda ya ji tsoron a gan shi a layin asibiti zai daina zuwa. Cutar za ta farfaɗo. Da yawan waɗanda ake tsangwama magidanta ne. Daga nan sai matar gida. Daga ita sai jariri a ciki ko a nono. Wanda ya kori mutum daga asibiti bai san gidan da cutar za ta kwana ba.

Haka nan toshe hanyar abinci. A ce kada a sayi tuwonsa. A ce kada a kira shi girkin biki. A ce mai gida ya tashe shi daga haya. Mutumin da ke cin guminsa, yana ciyar da tsohuwa da marayu, an mayar da shi mabaraci. Yunwa ba ta shiryar da kowa. An ga haka bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, Kano da Katsina suka biyo a 2000. An rufe gidaje, an watsa mutane. Ba su ɓace ba. Wuri suka sauya, wasunsu suka tsallako iyaka zuwa wannan gefe, cikin talauci da ya fi na da. Kora ba ta kawar da mutum. Tana ƙara masa wahala ne, tana ɓoye shi daga idon da zai iya taimakonsa.

Akwai kuma rashin fahimtar doka, kuma nan ne aka fi saurin zamewa. Dokokin yankin suna ƙara tsanani. Mali ta sa hukunci kan luwaɗi da maɗigo a kundinta a ƙarshen 2024. Burkina Faso ta biyo a Satumban 2025. A nan gida, Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya yi hani a kan waɗannan al'amura. Jahili zai ji haka ya ce gwamnati ta sakar masa mara. Ƙarya ne. Babu dokar da ta ba farar hula damar kamu da duka. Wanda ya yi rauni ga wani, mai laifi ne. Wanda ya kashe, mai kisan kai ne, ko wa ya kashe. A duba abin da ya faru a Najeriya. An sa hannu kan dokar hana auren jinsi a Janairun 2014. A watan ne gungun mutane suka yi ta jifan kotun shari'a a Bauci, suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. A Fabrairu, a Gishiri ta Abuja, aka bi gida-gida cikin dare ana fito da samari ana duka. A Agustan 2024 aka tsinci gawar wadda aka sani a TikTok da Abuja Area Mama a gefen titi. Idan mutane suka ɗauka an cire wa wani kariya, ba a daɗewa ake ganin jini.

Siyasa na iya ƙara wa abin fetur. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 zukata suna tafasa kan Faransa da ƙasashen Yamma. Mutane da yawa suna jin ana son a ɗora musu al'adar da ba tasu ba. Wannan muhawara ce da ake yi da gwamnatoci, a teburi. Mai tuwon tasha ba jakadan kowa ba ne. Bai taɓa ganin Turai ba. Kafin Bature ya taka ƙasar nan akwai irinsa. Ranar da aka laƙaba masa sunan ɗan koren Turawa, an haɗa masa laifi biyu, kuma dukansa zai zama kamar kishin ƙasa. Kishin ƙasa ba ya farawa da dukan talakan ƙasa.

Babbar asara kuwa a kan addinin da ake cewa ana karewa take. Musulunci ya tsananta a kan mutuncin mutum. Suratul Hujurat ta yi umarni a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Ta hana izgili, ta hana mummunan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur ta sa bulala 80 a kan mai ƙazafin da bai kawo shaidu huɗu ba, kuma a mazhabar Malikiyya jifan mutum da luwaɗi yana cikin ƙazafi. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bambanta wanda aka halitta da ɗabi'ar mata da wanda ya ƙirƙiro ta, ya ce na farkon ba shi da zargi. Malamai sun haɗu a kan cewa zartar da haddi aikin hukuma ne. Saurayin da ya ɗauki gora da sunan Allah ya taka duk waɗannan a tafiya ɗaya. Yana zaton lada yake nema, alhali alhakin rai yake ɗauka.

To me za a yi? Aikin ba shi da tsada yanzu. Gobe ne zai yi tsada.

Iyaye, ku riƙe 'ya'yanku a gida. Ku yi nasiha in kuna da ita, ku yi addu'a, ku nemi shawarar likita da malamin da ya san ya kamata. Amma kada ƙofa ta rufu a bayan yaro. Ku kuma ja kunnen waɗanda ke tsokanar na wasu a makaranta da islamiyya.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, kalmarku tana da nauyin da ta kowa ba ta da shi. Masu sauraronku matasa ne, jininsu a kusa yake. Duk wa'azin da ya taɓo wannan batu, a haɗa shi da haramcin ƙazafi da haramcin ɗaukar doka a hannu. A faɗe shi a fili, a maimaita. Kada a bari yaro ya cike giɓin da kansa.

Masu martaba, Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri, Allah ya ja zamaninku, tare da hakimai da masu unguwanni. Garuruwan nan biyu mutanen da aka raba da gidajensu ne suka kafa su a ƙarni na 19. Sun san darajar mafaka. A sanar a kowace unguwa cewa wanda ke da ƙorafi ya kai fada ko hukuma. Ƙofar mai unguwa ta zama wurin da wanda aka biyo zai iya faɗawa.

Jandarma da 'yan sanda, wanda ya zo da jini a ka, a fara ceton ransa. Wanda ya kawo ƙarar masu tatsar kuɗinsa, a saurare shi. A kama wanda ya jagoranci duka tun karo na farko. In aka kawar da kai sau ɗaya, na biyu zai fi muni.

Ma'aikatan lafiya, sirrin marar lafiya amana ce. 'Yan jarida da masu shirye-shiryen kira a rediyo, kada ku bari a ambaci sunan mutum ko unguwarsa a iska.

Ku kuma samarin fada da 'yan kabu-kabu, ku ne farkon masu isa duk inda aka yi ihu. A hannunku abin yake. In hoto ya shigo wayarka, kada ka tura. In ka ji an ce a kama shi, kada ka bi. In ka ga an kewaye mutum, ka kira manya, ka kira hukuma, ka tsaya ka ce a kai shi gaban shari'a. Ba sai ka yarda da rayuwarsa ba kafin ka hana a kashe shi. Ransa ba naka ba ne, ba na taro ba ne. Ku faɗa wa abokanku wannan yau, kada ku jira sai an yi jana'iza.